Sassaƙe, garkuwar jiki da ciwon daji: amsa ga ɗan'uwa daga Jega

Tambaya: "An auna Innarmu a Sakkwato an ce sankarar mama ce, har an sa mata ranar fara kimo, wato maganin ciwon daji na asibiti. Sai wani mai magani ya kawo mana garin sassaƙe da saiwoyi, ya ce yana ƙarfafa garkuwar jiki har ta cinye ciwon, kuma wai shi kansa maganin asibitin daga itace Turawa suka samo shi. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me zai hana mu fara da na gida, tunda ya fi sauƙin kuɗi kuma ba ya zubar da gashi?"

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi. Aikina koyar da ilimin magunguna ne da binciken sinadaran tsirrai, don haka ba ni cikin masu raina itatuwanmu. Abin da mai maganin ya faɗa game da asalin magungunan asibiti gaskiya ne. Abin da ya gina a kai, cewa garinsa zai iya tsayawa a madadinsu, shi ne ba gaskiya ba. Ina roƙonka kada ku ɗage ranar da aka ba Inna ko da mako ɗaya saboda wannan garin. Ga dalilaina.

Akwai wani fure da ake shukawa don ado a gaban ofisoshi da gidaje a Birnin Kebbi, gajere, ganyensa na sheƙi, furensa mai kunne biyar, wani fari wani ruwan hoda. Asalinsa daga Madagaska ne, masana na kiransa Catharanthus roseus. A shekarun 1950 wasu masu bincike a Kanada, Robert Noble da Charles Beer, sun ji labarin ana shan jiƙon ganyensa don ciwon suga, sai suka gwada a kan ɓeraye. Sugan bai sauka yadda ake faɗa ba, amma fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen suka ragargaje. Daga nan tunani ya zo musu: abin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini zai iya amfani a cutar da su waɗannan ƙwayoyin ne suke hayayyafa babu birki, wato kansar jini. Haka aka samu binbilastin, sannan binkiristin wanda aka amince da shi a Amurka a 1963. Har yau binkiristin na cikin haɗin da ake ba yara masu kansar jini, wadda a ƙasashe masu hali kusan yara 9 cikin 10 ke warkewa daga nau'in da ya fi yawa. Yana kuma cikin maganin kansar Burkitt, wadda ke kumbura wa yaranmu muƙamuƙi da ciki.

To, ka duba lissafin. Ana buƙatar busasshen ganye kusan kilo 500 kafin a samu giram 1 na binbilastin, binkiristin kuwa sai an kai wajen kilo 2,000. Abin da ake ba babban mutum a zama ɗaya galibi ba ya wuce miligiram 2, ta jijiya, kuma ma'aikaciyar jinya na tsaye tana kallon hannun, domin in ya zube a gefen jijiya yana ƙona tsoka. Wanda ya tsinki ganyen nan ya dafa ya sha ba zai samu abin da zai taɓa ƙarin da ke jikinsa ba, amma zai haɗiyi wasu sinadarai fiye da ɗari da ke cikin ganyen, waɗanda babu ruwansu da ciwonsa.

Wanda ya fi kusa da Inna shi ne Taxol, domin akwai yiwuwar shi ko ɗan'uwansa Taxotere na cikin abin da aka rubuta mata. A 1962 aka sassaƙo ɓawon wata bishiya, Taxus brevifolia, a jihar Washington ta Amurka. Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace shi suka bayyana siffar sinadarin a 1971. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki. Duk ƙwayar halitta in za ta rabu biyu sai ta shimfiɗa wasu siraran zaruruwa da ke jan kayan gadonta zuwa ɓangare biyu, in ta gama ta warware su. Binkiristin yana hana a shimfiɗa zaren, Taxol kuma yana daskarar da shi ya hana a warware. Ko ta wace hanya, ƙwayar ta maƙale a tsakiyar rabuwa ta mutu. Sai a 1992 aka amince da Taxol, shekara 30 bayan sassaƙen farko. Ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa shi da wani abu da ake sarrafawa daga man zurma, in an sha ta baki hanji ba ya ɗaukarsa yadda ya kamata, kuma ana auna tsawon mutum da nauyinsa kafin a yanke adadin da za a sa masa a ƙarin ruwa. Wannan aikin na hana ƙwayoyi rabuwa shi ya bayyana maka zubar gashin ma. Tushen gashi da ɓargo da fatar cikin baki suna rabuwa da sauri, shi ya sa maganin ke shafarsu. Gashin yana dawowa bayan an gama.

Cibiyar binciken kansa ta Amurka ta yi shekara fiye da 20, daga 1960, tana gwada tsimin tsirrai sama da 100,000 daga sassan duniya. Waɗanda suka kai ga zama magani ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wannan adadin nake so ka riƙe duk lokacin da aka ce maka "bincike ya tabbatar".

Bari in nuna maka abin da ake nufi da binciken a mafi yawan lokaci, don a gabana ake yinsa. Ɗalibi zai je daji ya sassaƙo marke ko ya yanko sabara, a shanya a inuwa, a niƙa, a jiƙa a wani ruwan sinadari kwana biyu ko uku, a tace, a ƙafar da ruwan har ya rage wani baƙin abu mai danƙo a gindin kwalba. Sai a ɗauko wani faranti na roba, faɗinsa kamar tafin hannu, mai ƙananan ramuka 96, kowane rami an zuba masa ƙwayoyin kansa da aka raina a ɗakin gwaji. A ɗiga tsimin, a rufe, a bari kwana biyu ko uku cikin ɗumin da ya yi daidai da na jikin mutum. Daga nan a ƙara wani rini ruwan ɗorawa. Ƙwayar da ke da rai tana mayar da rinin shuɗi mai duhu, ramin da ƙwayoyinsa suka mutu kuwa sai ya zauna fayau. In ɗalibi ya ga layin ramuka sun ƙi yin duhu, murna yake yi, kuma ya cancanci murnar. Zai rubuta cewa tsimin ya kashe ƙwayoyin kansa, kuma bai yi ƙarya ba. Daga wannan takardar ne labari ke tashi ya shiga WhatsApp da lasifikar motocin kasuwa, ya koma "an gano marke na warkar da daji".

Amma kashe ƙwayoyi a faranti abu ne mai sauƙi. Gishiri mai yawa ma zai kashe su, haka ruwan zafi. Kai da ka fito daga ƙasar noman shinkafa ka san ba kashe ciyawa ne wahala a fadama ba, samun feshin da zai kashe ciyawa ya bar shinkafa shi ne aikin. A jikin mutum sai sinadarin ya tsira daga ruwan ciki, ya ratsa hanji, hanta ba ta rushe shi ba, ƙoda ba ta zubar da shi da wuri ba, ya isa ƙarin da yawan da zai yi aiki, kuma bai kashe mai ciwon ba. Bayan faranti akwai ɓeraye, bayan ɓeraye akwai gwaji hawa uku a kan mutane: na farko don sanin adadin da jiki zai jure, na biyu don ganin ko ƙarin na raguwa, na uku don kwatanta shi da maganin da ake da shi a kan ɗaruruwa ko dubban marasa lafiya. Mafi yawan sinadaran da suka kai hawa na farko ma ba sa fita ta na uku.

Kurkum misali ne mai kyau. An yi dubban rubuce-rubuce kan sinadarin da ke ba shi launi, yana kashe ƙwayoyin kansa a faranti babu gardama, amma in mutum ya ci, ɗan kaɗan ƙwarai ke shiga jini, shi ɗin ma hanta ta yi maza ta sauya shi. Wani misalin ya fi ba ni tausayi. A shekarun 1980 aka samo sinadarin kombiretastatin daga wata bishiyar Afirka ta Kudu, Combretum caffrum, dangin taramniya da geza, gida ɗaya da marke da sabara. Yana toshe hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙari, an sa masa rai sosai, an gwada shi a kan mutane shekara da shekaru, har yau bai zama maganin da aka amince da shi ba. Zogale, hano, kauci, gwandar daji, sabara, duk an taɓa su a faranti, wasu a ɓeraye, kuma babu ɗaya da gwaji a kan mutane ya nuna yana warkar da kansa. Habbatus sauda tana da matsayinta a zukatanmu saboda hadisi, kuma babu mai hana Inna ita a abinci daidai kima. Hadisi ingantacce ne kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma neman wanda aka jarraba aka ga yana aiki yana cikin bin wannan umarni.

Ba wai hanyar a rufe take gare mu ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na sikila, mai ɗauke da masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace guda, ta daidaita adadinsa, ta gwada a kan marasa lafiya, ya fito da sunan Niprisan. Sikila ce ba kansa ba, amma ya nuna mana cewa ilimin masu maganinmu zai iya bin wannan turbar in an zuba kuɗi da haƙuri. Ina da yaƙinin dajin Zuru da na Zamfara na ɗauke da abubuwan da suka cancanci irin wannan aiki, kuma yadda ake sare itatuwa don gawayi yana damuna ta wannan fuskar ma.

Yanzu batun garkuwar jiki, inda aka fi ruɗar mutane. Garkuwa runduna ce mai ɓangarori da yawa, kowane da aikinsa, kuma ƙarfinta in ya wuce iyaka shi ma cuta ne, don akwai ciwukan gaɓoɓi da na fata da na ƙoda da garkuwar ce da kanta ke kai wa jiki hari. Matsalar kansa kuma ta daban ce. Ƙwayar kansa daga jikin mutum ta fito, tana ɗauke da shaidar gida, wasu ma suna da wata alama a jikinsu da ke ce wa sojojin garkuwa su dakata. Mutum mai jini a jika da bai taɓa kwanciya asibiti ba yana iya kamuwa da ita. Magungunan zamani da ke sa garkuwa ta yaƙi kansa suna cire wannan birkin ne, aikin da ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018, kuma su ba daga itace suke ba, furotin ne da ake ƙerawa.

Inda itace ya shiga harkar garkuwa da gaske, mu a Kebbi muna cikin waɗanda suka fara gani a ƙasar nan. A watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 a Kebbi da Bayelsa, ga jarirai daga wata 5. Jami'ar Oxford ce ta ƙirƙiro ta, ana sarrafa ta a Indiya. A cikinta akwai wani haɗi mai suna Matrix-M, wanda aka tace daga ɓawon wata bishiyar ƙasar Chile, Quillaja saponaria, mai kumfa in an jiƙa ta. Aikinsa shi ne ya tayar da ƙwayoyin garkuwa a inda aka yi allurar, ya kira su zuwa kaluluwar da ke kusa, don su lura da ɗan guntun furotin na ƙwayar zazzaɓin da aka nuna musu su haddace shi. Adadin da ke cikin allura ɗaya kashi 50 ne cikin miliyan na giram. Ɗanyen sinadarin in ya shiga jini da yawa fasa jajayen ƙwayoyin jini yake yi, sai da aka tace shi aka lulluɓe shi da kitse kafin ya zama abin sa wa jariri. Sassaƙe ne, haƙiƙa, amma ka ga tsawon tafiyar da ya yi.

Akwai ma labarin da ya haɗa biyun, kuma a kan sankarar mama. A 1972 aka samo sinadarin maitansin daga wani tsiro na Habasha, dangin namijin tsada. Ƙarfinsa ya yi yawa, gwajin farko a kan mutane ya ci tura saboda guba, aka ajiye shi. Daga baya aka ɗaure ɗan'uwansa a jikin wani furotin na garkuwa wanda ke neman ƙwayoyin sankarar mama masu alamar HER2, ya kai gubar har ƙofarsu. Wannan shi ne Kadcyla, da aka amince da shi a 2013. Ba kowace mai sankarar mama ya dace da ita ba, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu, amma shi ya sa yake da muhimmanci ka tambayi likita ko an duba tsokar da aka yanka wa Inna don sanin nau'in ciwonta.

Za ka iya cewa, to a haɗa biyun mana, in bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba. Nan ma akwai abin lura. An daɗe ana ganin masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, sai aka zaci sinadarin bita-karotin ne, irin wanda ke cikin karas da manja. Aka gwada ƙwayarsa a kan maza masu shan taba kimanin 29,000 a Finlan. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a waɗanda suka sha. Sannan hanta na da ma'aikatan da ke rushe magunguna, kuma tsirrai na iya hanzarta su ko su rage musu gudu. Wani ganyen Turai, Hypericum, da ake sha don damuwa, an ga ya rage ƙarfin wani maganin kimo a jini da kusan kashi 40 cikin 100. Garehul, wani babban lemo mai ɗaci-ɗaci, shi kuma akasin haka yake yi wa wasu magunguna, ya sa su taru su yi yawa. Waɗannan an san su ne don an san sunansu. Garin da aka kawo muku a leda, wa zai faɗa wa likita abin da ke ciki, da yawansa, da ko na wannan makon daidai yake da na makon jiya? A Beljiyam a farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 suka samu lalacewar ƙoda, wasu har da kansar mafitsara, saboda wani tsiro dangin Aristolochia da ya shiga haɗin rage ƙiba. Duman dutse da ake samu a hannun masu saiwoyinmu ɗan wannan dangi ne. Kimo yana buƙatar hanta da ƙoda masu lafiya, in gwajin jini ya nuna sun taɓu dole a ɗage zaman. Ko ka ga lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe a jikin kwalba, ma'anarta an duba ba a ga cutarwa ta kusa ba, ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce.

Babbar illar dai ita ce lokaci. Masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka sun bi marasa lafiya 281 da kansarsu ba ta bazu ba, waɗanda suka zaɓi maganin da ba na asibiti ba shi kaɗai, suka kwatanta su da makamantansu da suka bi na asibiti. Haɗarin mutuwa ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa fiye da sau biyar. A Najeriya ƙiyasin 2022 ya nuna sababbin masu kansa kimanin 127,000 da mace-mace kusan 80,000, kuma duk likitan da ke wannan fanni a arewa zai gaya maka yawancin mata na zuwa ne bayan ƙarin ya fashe ko ya kai hammata da ƙashi. Wata uku na jiƙo ya isa ya mayar da ciwon da za a iya yankewa ya zama wanda sai dai a lallaɓa. Kuma don Allah kada a shafa wa maman komai da sunan ya zuƙe ciwon, ko a tsaga, don gyambon da ke biyo baya yana hana aikin tiyata.

Na san kuɗi ne ke tura mutane, da nisan Sakkwato, da tsoron abin da aka ji a bakin wasu. Ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya a asibitin ka faɗi halin da kuke ciki tun kafin zaman farko, ka tambayi jimillar zaman da kuɗin kowanne don dangi su san abin da za su haɗa, domin tsayawa a tsakiya yana ɓata abin da aka fara. Ka ɗauki ledar garin ka nuna wa likita ko mai haɗa magunguna, ka faɗa musu duk abin da Inna ta riga ta sha, ba za su kore ku ba. Abin da zai riƙe mata jiki a wannan lokaci abinci ne: wake, ƙwai, kifi, nama in ya samu, miyar zogale da kuka, ruwa mai tsabta. A dafa komai sosai, a tafasa nonon da za a dama mata fura, a guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye a gida. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zaman kimo fararen ƙwayoyin jininta za su yi ƙasa sosai, in zafin jikinta ya kai 38 a wannan tsakanin kada ku ba ta maganin zazzaɓi, kada kuma ku jira gari ya waye, ku kai ta asibiti mafi kusa a daren, da katinta a hannu, ku gaya musu ranar da aka yi mata kimo.